Kilo 205 da suka raba wasu 'yan'uwa biyu da motar da suke so

Wa da ƙani ne. Babban ya ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗoriya, ƙaramin kuma yana da hutun wata uku da ya daɗe yana tarawa. Sai suka yanke shawarar su kashe watannin nan a kan hanya: su ratsa ƙasashe biyar da mota, su kwana inda dare ya riske su, a ƙarshe su loda motar a kwantena jirgin ruwa ya dawo musu da ita. Babu ɗayansu da ya taɓa sauka daga kwalta ya yi nisa. Kuma da suka zo wurina neman shawara, ba maganar wace mota suka zo da ita ba, don a wurinsu wannan an gama. Babban yana da jif ta zamani, shekararta biyu, kujerun fata, fowil ɗinta da maɓalli ake sawa. Abin da suke so shi ne in gaya musu kayan da za su ɗora mata.

Na ce su ajiye zancen mota tukuna, su shimfiɗa mini taswira. A cikin hanyar da suka zana, wadda ta kai kilomita 12,000, kusan kashi uku cikin huɗu kwalta ce ko burji mai kyau. Ƙaramar mota ma za ta yi. Ragowar ne abin dubawa, musamman wani zango na sahara mai kilomita 900 wanda babu gidan mai a cikinsa, babu rijiyar da za a dogara da ita, babu sabis ɗin waya. Sun ƙiyasta masa kwana shida. Na ce su rubuta takwas. Duk tafiyar irin wannan zango mafi tsanani ne yake zaɓen mota, ko da kuwa sati ɗaya ne a cikin wata uku.

Lissafin da muka yi a bayan takarda

A jikin ginshiƙin ƙofar kowace mota, ko a ƙarƙashin bonet, akwai ɗan faranti da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai idan an loda ta. Idan ka cire nauyin motar ita kaɗai daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabonka: mutane, kaya, ruwa, ƙarin mai, da duk wani ƙarfe da ka ɗaura mata bayan ta bar kamfani. Rabon jif ɗin nan kilo 650 ne. Babban bai taɓa sanin farantin yana nan ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Manyan motocin alfarma su ne suka fi yaudarar ido a nan, domin injinan kujeru da rufin gilashi da layin kujeru na uku sun riga sun cinye rabon tun daga kamfani.

Muka fara da mai. Motar da take shan lita 11 ko 12 a kilomita 100 bisa kwalta, idan ta shiga rairayi da kaya a ƙaramar giya, a sa mata 18. Kilomita 900 ke nan lita 162, a ƙara rubu'i saboda ɓatan hanya da kewaye, ya tashi lita 200. Tankinta lita 90 yake ci, saura jarka shida masu lita 20. Litar dizal tana da nauyin kusan kilo 0.84, jarkar ƙarfe kuma da nata nauyin, duka kilo 125. Ruwa ba ya ragi, lita ɗaya kilo ɗaya: mutum biyu, lita biyar-biyar a rana, kwana takwas, da jarka guda ta ko-ta-kwana, kilo 100. Su biyun kilo 165. Ba a ɗora cokali ba an riga an ci 390.

Sannan aka zo kan kayan da suka gani a hotuna suka ƙwallafa rai a kansu. Bambar ƙarfe da winci (injin da ke jawo mota da igiya in ta kafe) a gaba, 90. Tantin saman mota da ragar da zai zauna a kai, 90. Safayar taya ta biyu, 35. Firji da batirinsa, 50. Durowoyin baya, 60. Kayan gyara da na ceto, 60. Abinci da tufafi da kayan girki, 80. Jimla 855. Sun haura iyaka da kilo 205.

Babban ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Malam, injin motar nan zai ja tirela tan uku. Kilo ɗari biyu ne zai gagare shi?"

Na ce injin ba zai ko ji ba, kuma nan ne matsalar take. Abin da yake ɗaukar kaya sifirin ne da shokazoba da boris da taya da shasi. Injin mai ƙarfi ɓoye maka wahalar da suke sha yake yi, har sai ɗayansu ya sare. Na ba shi labarin ayarin sojojin Birtaniya da suka ratsa dajin Dariyen, tsakanin Panama da Kolombiya, a 1972 da Range Rover guda biyu. Sun loda musu kaya fiye da kima, suka kuma sa musu manya-manyan tayoyin fadama. Abin da ya biyo baya bak-aksul ne yake ta karyewa, aka yi ta jiran kayan gyara daga Ingila, ratsa dajin ya ci kusan kwana 100. Bai gamsu ba. Na ce to, gani ya kori ji, su loda ta yadda suke so mu yi gwajin kwana huɗu.

Gwajin

Kafin mu bar kwalta muka tsaya a sikelin auna manyan motoci. Ya nuna sun wuce iyaka da kilo 190, alhali tanki bai ma cika ba. Da muka auna ƙafafun baya su kaɗai, nan ne yawancin rarar ta taru. Ƙanin ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe takardar Malam ba ta yi mana ƙage ba."

A rana ta biyu muka hau gargada, irin burjin nan da ya yi kunya-kunya a jere, wanda yake kaɗa mota har haƙora su riƙa haɗuwa. Sabon shiga tulin rairayi da taɓo yake tsoro, amma gargada ita ce mai kashe mota. Shokazoba tana hawa da sauka sau da yawa a daƙiƙa guda, man da ke cikinta ya ɗau zafi, ya yi kumfa, ta daina riƙewa. Bayan awa biyu na ga bayan jif ɗin yana tsalle a madubina. Da muka tsaya, shokazobar baya ta hagu ta jiƙe da mai sharkaf, ƙura ta manne mata, ba ta taɓuwa don zafi. Biyu daga ƙusoshin ragar sama sun kwance. Ƙanin kuma ya ce tun safe duk kwanar da suka sha ji yake kamar motar za ta kwanta, wanda ba abin mamaki ba ne ga motar da aka ɗora wa tanti da jarkoki huɗu a ka. Motar ba ta da laifi ko kaɗan. An yi ta ne don wani aiki, aka ɗora mata wani.

A daren nan babban ya kawo mafita biyu, na rushe su duka. Ta farko a sa mata sifirin masu tauri. Wannan zai ɗaga bayanta ta daina durƙusawa, amma boris da aksul da birki suna nan yadda kamfani ya yi su, kuma adadin da ke kan faranti shi hukuma da kamfanin inshora suka sani. Ta biyu a ja ƙaramar tirela. A rairayi tirela turke ce. Tana ƙara shan mai, tana hana ja da baya idan an kasa hawa tudu, kuma ba za ta shiga kwantena ɗaya mai ƙafa 20 tare da motar ba.

Motoci ukun da suka rage

Ƙanin ne ya fara kawo babbar mota irin Unimog, mai ɗaki a baya. Ba mu daɗe a kanta ba. Wajen shiga daji ba ta da sa'a, amma ta wuce tan uku da rabi, kuma a ƙasashen Turai da wasu da dama lasisin ƙaramar mota a kilo 3,500 yake tsayawa. Ba ta shiga kwantena. Tayarta guda sai mutum biyu sun yi da gaske kafin su ɗaga. Idan kuma ta kafe, sai wata irinta ce za ta ja ta. Mutum biyu da tafiyar wata uku ba su kai nan ba.

Ta biyu akori-kura ce mai ƙofa huɗu, ajin su Hilux. Ita ce ta fi ba ni wahalar kayarwa, don rabonta a takarda ya kusa tan ɗaya, tana da daɗin tuƙi a kwalta, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Inda take da rauni shi ne wurin zaman kayan. Kujerun baya sun tura akorin can baya, har yawancinsa ya faɗa bayan aksul. Duk kilon da ka ajiye a can yana danna ƙafafun baya fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba. Masu ɗora wa irinta ɗaki mai nauyi da safaya biyu a ƙarshen akori, su bi gargada da gudu, su ne ake ganin shasinsu ya lanƙwashe daidai tsakanin kai da akori. Da iyali ne masu yara, ita zan ce su ɗauka su kiyaye lodi. Su kuwa su biyu ne, kujerun bayan asarar wuri ne.

Ta uku Land Cruiser 78, doguwar nan mai ƙofa biyu a gaba da biyu a baya, wadda ƙungiyoyin agaji suke yin motar asibiti da ita. Jerin 70 na Land Cruiser ya fito ne a 1984, kuma har yau ana ƙera shi ba tare da an sauya ginin sosai ba: shasi daban, bodi daban, aksul miƙaƙƙe gaba da baya, sifirin ganye a baya. Rabonta ya kusa tan ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina tankuna biyu ne masu lita 90 kowanne. Lita 180 ke nan a ƙasan mota, inda nauyi ba ya cutarwa, jarka shida sun koma biyu. Bayanta kuma yana da tsawon da mutum biyu za su miƙe su kwanta, don haka tantin sama ya fita daga lissafi. Wannan ya warware wata matsala da ba su ma hango ba. Ƙofar kwantena ta yau da kullum tsayinta kusan mita 2.28 ne, ita kuma motar ta ɗan haura mita 2.1. Da tanti a kanta ba za ta shige ba.

Gardamar inji

A nan muka fi daɗewa, kuma babban yana da hujja. Ya ce don me mutum zai bar injin zamani mai ƙarfi da tsimin mai ya koma wa tsohon yayi? Injin da nake nufi shi ne 1HZ, dizal mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ba shi da turbo, ba shi da kwamfutar da ke sarrafa shi, ƙarfinsa doki 130 ne ko ƙasa kaɗan. Jif ɗinsa ta ninka haka.

Amsata ba wai sabon inji ya fi lalacewa ba ne. A ƙasar da manta yake da tsabta kuma gareji yake kusa, sabon ya fi ta kowace fuska, har da hayaƙi. Tambayar ita ce me zai faru ran da aka zuba masa man da ba nasa ba. Dizal na zamani yana tura mai ta nozul da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), ruwa kaɗan ko datti a cikin mai yana iya cinye famfo da nozul gaba ɗaya. A salansarsa akwai matatar da ke kama baƙin hayaƙi, wadda aka yi don dizal mai ƙarancin farar wuta. A Tarayyar Turai iyakar kashi 10 ne cikin miliyan tun 2009, alhali akwai ƙasashen da dizal ɗinsu yake ɗauke da ɗaruruwa ko dubbai. Irin wannan mai yana toshe matatar. Idan ta toshe, ko wata sansa ta rikice, kwamfuta sai ta rage wa injin ƙarfi don ta kare shi, ka koma tafiyar hawainiya a tsakiyar rairayi, inda ƙarfin kake nema. Wasu kuma suna buƙatar AdBlue, wani ruwa na tsaftace hayaƙi, idan ya ƙare injin ba zai sake tashi ba. Biyu daga ƙasashe biyar da za su bi, a ganga ake sayar da mai a ƙauyukansu.

Shi kuwa 1HZ famfonsa na ƙarfe ne zalla. In ya tsaya, ko mai bai iso ba ne, ko iska ta shiga layi, ko filta ta cika, kuma duk bakaniken da ya taɓa kwance injin dizal zai gane kansa. Na tuna musu da Gunther Holtorf, Bajamushen da ya yi shekara 26 yana zaga duniya da Mercedes 300 GD mai doki 88, ya kammala a 2014 bayan tafiyar kusan kilomita 900,000. An kai motar gidan tarihin kamfanin a Stuttgart. Ba gudu ya yi da ita ba, lallaɓa ta ya yi, yana sauya kaya kafin su mutu. Tun kafin shi, a 1955, ɗalibai shida daga jami'o'in Oxford da Cambridge sun tashi daga Landan da ƙananan Land Rover biyu, suka isa Singafo cikin wata shida. Ƙarancin doki bai taɓa hana kowa isa ba.

Ban ɓoye musu aibinta ba. Tana da ƙara, ba ta da sauri, a hawan dutse sai ka ga tirela tana neman wuce ka. In ba kaya a bayanta tana dukan ƙugu. Tsofaffin ba su da jakar iska ta haɗari, ba su da birkin da ke hana taya kullewa, kuma tunda kashi uku cikin huɗu na tafiyar kwalta ce ko burji mai kyau, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Ni a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi da za a kafa a kanta, ya fi zancen ƙara da rashin gudu nesa ba kusa ba. Sannan ta hannu ma tsada take, saboda kowa ya san darajarta, kuma da yawa sun yi aikin wahala a ma'adinai ko gonaki kafin su fito kasuwa.

Ƙanin ne ya raba gardamar. Ya ce, "Yaya, in taka ta tsaya a zangon nan wa za mu kira? Wannan ko ni na koya zan iya."

Sun duba guda huɗu kafin su saya. Na hana su kallon fenti. Muka shiga ƙarƙashi da fitila muna ƙwanƙwasa shasi don tsatsa, muka duba ƙwallon aksul na gaba ko yana zubar da maiko, muka tada injin da sanyin safiya mu ga hayaƙin farko, muka sa ƙaramar giya mu ji ko tana fita da kanta. Wadda suka ɗauka ta fi sauran yawan kilomita, amma ita kaɗai ce mai littafin sabis cikakke. Kuɗin da suka ware wa bamba da winci da tanti ya tafi a bel ɗin tayimin, famfon ruwa, lagireto, boris na ƙafa huɗu, kuloci, shokazoba masu kyau, da taya shida iri ɗaya masu kaurin gefe.

Winci ya fita ne da dalili: yana buƙatar abin da za a ɗaura igiyarsa, sahara kuwa ba itace. A madadinsa suka sayi allunan rairayi biyu, shebur mai dogon hannu, da famfon iska mai aiki da batir. Gadon katako suka yi a baya, jarkokin ruwa suka zauna a ƙasa, gaba da aksul. Sabon lissafi ya tsaya a kilo 595, a motar da rabonta ya kai 950. Ni dama ba na son mota ta bar gida da fiye da kashi huɗu cikin biyar na rabonta, don kaya ƙaruwa suke yi a hanya.

Koyon tuƙin

Ƙarshen mako uku muka yi muna wannan, kuma da gangan nake sa su kafe. Fowil ɗin wannan mota ba na kullum ba ne: sai ka sauka ka murɗa makullan cibiyar tayun gaba da hannu, sannan ka ja ƙaramin liba. A kwalta kuma dole a cire, domin gaba da baya a ɗaure suke, in taya ba ta samu inda za ta ɗan zame ba farfela da giya ne za su sha murɗa. Babban sau biyu yana mantawa da makullan, yana mamakin yadda tayun baya suke haƙa rami na gaba suna kallo.

Darasin da ya fi ba su mamaki na iskar taya ne. Na bar ƙanin ya shiga rairayi mai laushi da geji 40, bai yi mita ashirin ba ya nutse. Ya ƙara wuta, ta ƙara zama. Na ce ya ɗaga ƙafa, don taya in ta fara juyawa a wuri ɗaya kabarinta take tonawa. Muka sauke iska zuwa 18, muka kwashe rairayin gaban tayu, ya sa giya ta biyu a ƙaramar giya, motar ta fito kamar ba ita ba. Taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗa tafinta ta yi tsawo, sai ta hau kan rairayi maimakon ta yanka shi. Sharaɗin shi ne ba gudu, ba karya sitiyari da ƙarfi, kuma a mayar da iska da zarar an taka ƙasa mai tauri, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe ko ta fita daga wili. Abu ɗaya na yi musu kashedi a kansa da kakkausar murya: kada a taɓa maƙala igiyar fizgar mota a ƙwallon jan tirela. Yana tsinkewa ya taho kamar harsashi, kuma ya kashe mutane.

Takardu ba su ɗauke mu lokaci ba. Biyu daga ƙasashen suna neman Carnet de Passages, takardar da ke ba mota izinin shiga na wucin gadi ba tare da biyan kuɗin kwastan ba, kuma ajiyar da ake bayarwa kafin a same ta da darajar mota ake auna ta. Nan ma tsohuwar ta yi musu sauƙi. Suka yi hayar wayar tauraron ɗan'adam, suka kuma nemi wata motar da za su ratsa zangon saharar tare, don na ce mota ɗaya ba ta shiga wurin nan ko wace iri ce.

Yadda ta kaya

Zangon ya ci kwana bakwai. Sun kafe sau uku, kowanne shebur da alluna suka fitar da su, mafi tsawo awa ɗaya da rabi. Taya ɗaya ta yage a gefe a wani fili mai duwatsu. A ƙasa ta huɗu suka sha man ganga mai ruwa, injin ya fara shaƙewa, ƙanin ya tsiyaye ruwan daga ƙasan filta, ya sa sabuwa, ya buga famfon hannu har iska ta fita, suka ci gaba. Sun fito daga saharar da jarka ɗaya ba a buɗe ba da ɗan abin da ya rage a tanki na biyu.

Babban bai sauya ra'ayi gaba ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce kwana bakwai motar ta yi masa rana, sauran kwana tamanin kuwa shi ya yi mata haƙuri: bayansa ya yi ciwo, kunnensa ya gaji, kuma duk motar da ta taho da gudu a kwalta sai ya tuna ba jakar iska a gabansa. Ya ce in tafiya ta gaba babu irin wannan zango a cikinta, da jif ɗinsa zai je, da jaka biyu da firji, ba tare da ya ɗaura mata ko ƙusa ba. Da na duba hanyar da yake nufi, na ce ta isa har da rara. Ƙanin ya sayi rabon yayansa a doguwar motar. Da ya sauke kayan ya ware waɗanda ba su taɓa ba tun tafiya har dawowa, ya ɗora a sikeli, suka tashi kilo 70.